Kaifin Ƙarshe na Baba Kuwabara

"Wannan ba ƙarfe ne ya ci shi ba, Tomiko," in ji Baba Kuwabara, yana shafa bakin mahujin ƙarfen da na kai masa da babban yatsa. "A siminti kika goga shi."

Kunya kamar in nutse. Shekara arba'in shi ke wasa kayan yankan ƙarfe na duk shagunan layinmu a gabashin Osaka. Sai aka shigo da sababbi masu baƙin shafe, busasshe amma santsi kamar sabulu. Ba ruwansu da mai, kuma sai tsofaffi uku sun mutu kafin sabo ɗaya ya dakushe. In ya dakushe sai bola, don dutsen wasa kaifi na taɓa shi shafen ya tafi. Kowa ya ɗauke ƙafa daga shagonsa. Ni ce nake dakusar da tsofaffinmu da gangan ina kai masa, don kada a bar shi daga shi sai tarinsa. Ƙura da tururin mai sun riga sun cinye masa huhu.

"Ke ko ƙarya ba ki iya ba," ya ce. "Kawo sabon in gani."

Na tsallaka shagonmu na kwance ɗaya daga inji. Ya kai shi bakin taga, ya bi bakinsa da farce yana neman inda ya ci.

"Tun yaushe yake aiki?"

"Wata biyu, Baba."

"Ba mai?"

"Ko ɗigo."

Ya daɗe yana jujjuya shi. "To, madalla. Kada ki sake wahalar da simintinki."

Ya ja ƙyauren shagonsa, bai ƙara buɗewa ba. Bayan kwana tara ya rasu. Wallahi har yau ina jin haushin kaina, da na iya gugar nan da kyau, wataƙila da ya ga bazara.

Ranar da za a kai shi, 'yarsa Sumie ta zo da mahujin da ya wasa na ƙarshe za ta sa masa cikin akwati. Mai shirya gawa ya rusuna.

"A yi haƙuri, ranki ya daɗe. Ƙarfe ba ya shiga wutar ƙona gawa."

Ta juyo gare mu, masu shago goma sha ɗaya cikin baƙaƙen kaya. "Akwai mai amfani da shi?"

Kowa ya sunkuyar da kai. Aka rufe akwatin, ita kuma tana tsaye, mahujin na kan tafin hannunta.