Ƙarashen Kiɗan Lami

"Ba za ka shiga ba," na ce masa, na gitta muciyar da ke hannuna a bakin zauren. "Ko a jirgin sama ka zo, balle wannan motar."

Yazid ya durƙusa har shaddarsa na sharar taɓon damina. "Inna Haulatu, don girman Allah. An ce jikin Baba ya yi tsanani. Gafara kawai na zo nema."

"Sai yau ka san kana da Baba?"

Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da na Audi Mai Jita a nan Daura, kuma ba doguwa ba ce, don haka babu abin da ya faru a gidan nan da ban sani ba. Uban Audi makaɗin garaya ne na mafarauta a garin Babban Mutum. Shi kuwa Audi yana saurayi ya bi motocin kaya ta Kwangwalam ya shiga Damagaram, ya dawo da jita mai aiki da wuta da kaset-kaset na waɗansu Turawa masu gashi har kafaɗa. Ya ji jitarsu tana gurnani, tasa ba ta yi, sai ya ɗauki reza ya tsaga takardar sifikarsa, ita ma ta kama gurnanin. Amma tsirkiyoyin, irin ɗaurin garayar ubansa ya yi musu. Kuma duk inda zai yi wasa, ba ya taɓa tsirkiya sai ya ambaci sunan tsohon ya ce, "Gaisuwa ga wanda ya ɗora hannuna." Haka makaɗanmu suke yi. Wanda ya ƙi faɗin maigidansa, kallon ɗan da ya musanta ubansa ake yi masa.

Yazid ba ɗan cikin Audi ba ne, amma a gidan ya tashi. Audi ya ɗora masa hannu a kan jita, matar Audi kuma, ƙawata Lami, ta cika masa ciki da tuwo. Da Lami ta rasu, Audi ya yi mata wani kiɗa. Bai taɓa kai shi gidan biki ba, a ɗaki kawai yake yin sa, kuma kullum ya zo tsakiya sai kuka ya ci ƙarfinsa ya ajiye jitar. Wannan guntun Yazid ya ɗauka ya tafi Kano da shi, ya zuba masa gangunan inji, 'yan mata suka kama girgiza da shi a wajen bukukuwa. Ran da aka tambaye shi a rediyo wa ya koya masa, ina tsakar gida ina tankaɗe, da kunnena na ji ya ce, "Ni na koya wa kaina, a waya, ina kallon samarin Agadas da Turawa." Audi ma ya ji, don daga wannan rana ya rataye jitar a ƙusa bai sake sauke ta ba.

To wannan ne ya zo yana durƙusa mini. Wallahi da son raina ne, da muciyar nan ta sauka a tsakiyar kansa.

Sai ga Zubaida, 'yar Audi, ta leƙo daga ciki. "Inna, Baba ya ji muryarsa. Ya ce a bar shi ya shigo, amma ya bar wayoyinsa a waje."

Haushi ya kama ni, amma gida ba nawa ba ne. Na miƙa masa kwano ya zuba. Zai wuce na ga aljihun gabansa yana ɗan haske.

"Da waccan da ka so ka manta da ita."

Ya ciro ta yana sunkuyar da kai. Ashe har ya kunna ta tana ɗaukar magana. Mai hali dai ba ya fasa halinsa.

Audi yana jingine da matashin kai, ƙafafunsa sun kumbura, wuyansa kuwa ya zama kamar kara. Yazid ya gaishe shi, shi kuwa sai ya juya ga 'yarsa.

"Zubaida, sauko min da ita. Ki jona batirin."

"Baba, jikinka..."

"Sauko min da ita."

Ta sauko da jitar ta kakkaɓe ƙurar, ta jawo tsohon batirin mota daga ƙarƙashin gado ta jona. Audi ya rufe wuyan jitar da gefen bargonsa yadda ba a ganin hannunsa na hagu, ya yi ta murɗa 'yan kunnuwan ɗaure tsirkiya yana saurare, har ɗaurin ya yi masa. Sannan ya fara.

Farkon kiɗan Yazid ya san shi, shi ne ya saya masa mota. Na ga yana gyaɗa kai, har da ɗan murmushi. Da aka zo tsakiya, inda kuka ya saba tsayar da Audi, bai tsaya ba. Kiɗan ya sauka ƙasa, ya zama tafiyar garaya, irin wadda ake yi wa maharbi in ya daɗe a daji bai dawo ba, sifikar nan da aka tsaga tana gurnani a ƙarƙashinsa. Daga nan ya hau sama da wata siririyar murya, sak yadda Lami take kiran kajinta da yamma. Zubaida ta toshe baki da mayafi. Ni ban ɓoye hawayena ba, na bar su suka zuba.

Murmushin Yazid ya ɓace. Ya miƙa wuya yana son ganin yatsun, bargo ya tare shi.

Audi ya kai ƙarshe, ya ɗora tafin hannu a kan tsirkiyoyin suka yi shiru. Sai ya bi kunnuwan ɗaya bayan ɗaya yana warwarewa, har tsirkiyoyin suka saki suna lilo.

"Baba," in ji Yazid, "ashe yana da ƙarashe? Don Allah sake min, ko sau ɗaya."

"Ka ji shi?"

"Na ji, Baba."

"To je ka koya wa kanka. A waya."

Sai a lokacin na gane abin da ya sa ya ce a bar shi ya shigo. Ni ina tunanin muciya, ashe mai gida ya tanadi abin da ya fi ta zafi. Daɗi ya rufe ni, ba zan ɓoye ba.

Yazid ya kama ƙafarsa. "Baba, ka yafe mini."

Audi ya numfasa da ƙyar. "Tuwon da ka ci a gidan nan, halal. Koyarwar da na yi maka, halal. Sunana da ka ɓoye, je ka, na yafe, ubana ma ba zai tambaye ka ba. Amma Lami da ka kai filin rawa, wannan ba haƙƙina ba ne da zan yafe. In ka je can ka neme ta." Ya juya fuskarsa bango.

Bai sake wata doguwar magana ba. Ranar Juma'a da hantsi, Zubaida tana ba shi ruwa a cokali, ya yi kalmar shahada ya cika. Kafin a tafi masallaci an kai shi.

Yazid bai koma Kano ba, ya zauna zaman makoki. Washegari ya same ni a bakin murhu, idanunsa jajur. Ya ji a bakin Zubaida cewa bayan tafiyarsa ne Audi ya ƙarasa kiɗan, da baki, yana rera shi a tsakar gida shekara da shekaru, kuma ya san tsawon katangarmu.

"Inna, ke kin sha jin sa. Ɗan rera mini. Wallahi in na yi shi, sunan Baba zan fara faɗa."

"Ni?" na ce, ina iza wuta. "Ni kunnena na tuwo ne, ɗan nan. Me na sani a kiɗa?"

Yana nan a bakina tsaf, daga farko har ƙarshe. In na tabbata babu kowa a kusa, ina rera shi ina wanke-wanke. Da shi za a binne ni.

Da la'asar na kai wa maza ruwa a zaure. Ana ta shigowa ana gaisuwa, ana addu'a, ana shafawa. Yazid yana can ƙarshen tabarma, bai ma san an shafa ba. Ya kama damtsensa na dama da hannun hagu, yatsunsa suna tafiya a kan hannun rigar, suna dannawa, suna ɗagawa. Suka zo wani wuri suka tsaya, suka daɗe a tsaye, sannan suka koma farko.