Ragon Saman Murhu

Hilda na tsaye a kan kujera, tana murza tsokar burodi a jikin hoton da ke rataye saman murhu, sai ta ji kukan motar Stanley tana hawowa daga gangaren gona. Ba ta sauko ba. Ta yar da dunƙulen da ya yi baƙi, ta gutsuro wani, ta ci gaba da gogawa.

Hoton rago ne, zanen fenti, ya girmi duk wani mai rai a ƙauyen. Jikin ragon kamar akwatin kaya, ƙafafunsa kamar tsinken ashana, domin kuwa haka manoman zamanin da suke so a zana musu dabba. Kansa kuwa hayaƙi ya rufe shi tun kafin a kawo Hilda gidan, ƙahoni kawai ake gani. Dokar gidan Raistrick ce: ba a goge hoton, ba a kuma ɗauke shi daga saman wuta.

A kusurwar katakon hoton hular mijinta Wilf ke rataye. Kullum da safe sai ya ɗauke ta ya ce wa ragon, "Ina kwana, tsoho," sannan ya fita wajen tumaki. Yanzu Wilf ya rasu, ko wata bai cika ba. A wurin shan shayin jana'iza ma ƙaninsa Stanley ya ja ta gefe, ya ce hoton na jinin Raistrick ne, daga ɗa namiji sai ɗa namiji, ita kuwa aure ya kawo ta, ba su kuma haihu ba. Shi ne shugaban baje kolin tumaki na bana, har ya gaya wa kowa ranar Asabar zai rataye hoton a rumfar alƙalai, daidai saman kujerarsa.

Ƙofa ta buɗe. Stanley ya shigo da bargon naɗe hoto, matarsa Beryl a bayansa da kwanon kek.

"Hilda! Me kike yi haka? Sauko! Kin san abin nan ba a taɓa shi!"

"Sannu da zuwa, shugaban tumaki," in ji ta, ba ta ko waiwayo ba. "Ka so in ba ka shi da datti, mutane su ce matar Wilf ƙazama ce? Beryl, ɗora mana ruwan shayi, hannuna duk baƙi."

"Da burodi? Zanen Jabez Sunter kike goge wa da burodi?"

"To da me? Uwata da ɗanyen dankali take yi. Ni ai na girmama shi."

Stanley ya ajiye bargon, ya gyara tsayuwa yadda yake yi in zai yi jawabi. Ya ce Jabez Sunter babban mai zane ne, manyan masu ƙasa suna layi a ƙofarsa, amma a gidan kakan kakansu kaɗai ya yarda ya zauna wata guda, don girmamawa.

"Wace ƙofa?" in ji Hilda. "Mutumin da ko ɗaki bai taɓa mallaka ba? Ɗan mahauci ne, gurgu, da jakinsa yake bin gonaki, a rumbun ciyawa yake kwana. A gidan marasa galihu ya mutu, bai da ko tunkiya ɗaya, bayan ya zana dubu. Wilf ya gaya mini komai a asibiti. Ya yi ta dariya har ma'aikaciyar jinya ta leƙo ta ce mu rage murya."

"Wilf bai san komai ba."

"Shi ne babba, shi mamarku ta gaya wa. Jabez yana da tsarinsa. In ka ciyar da shi da kyau, sai ya ƙara wa dabbarka kitse. In an soya masa nama, ragonka ya kusa kai saniya. Kakan naku kuwa kunun hatsi mai sanyi ya yi ta ba shi, safe da yamma, ko gishiri babu."

"Ƙarya ce! Dubi girman ragon!"

"Ai matar gidan ke satar masa nama ta taga. Jikin ladanta ne. Kan ragon kuma ladan maigida ne." Ta hure ɓurɓushin burodi. "Ita ta fara ganewa, shi ya sa ta rataye shi inda hayaƙi zai rufa musu asiri."

Ta sauko a hankali, ta ja kujerar gefe.

Ga ƙahoni, ga ulu, rago dai sosai. Amma hancin dogo ne, ya karkace hagu. Leɓen ƙasa ya zazzago kamar na wanda aka hana rance. Ga gira mai kauri, ta haɗe a tsakiya. Stanley ya matso ƙarƙashinsa, ya ɗaga kai, ya haɗe gira, leɓensa ya zazzago.

Beryl ta fito da butar shayi. Ta dubi bango, ta dubi mijinta, ta sake duban bango. Ta ajiye butar da sauri kada ta zubar.

"Beryl," in ji Stanley, "kar ki soma."

"Ban ce komai ba, Stan." Kafaɗunta na rawa don dariya. "Ɗan juya gefe kaɗan. Wayyo Allah, Hilda, har hancin!"

"Saman kujerarsa fa zai rataye shi," in ji Hilda. "Duk mutanen kwarin nan za su zo. Sai dai a gaya wa masu kallo wanne ne alƙalin, kada su ba Stan kyautar farko."

Beryl ta zauna daɓas a kan bargon, tana share hawaye da gefen riga.

Stanley ya sake kallon hoton. Ya shafa hancinsa, ya tuna, ya sauke hannu da sauri. Can ya yi gyaran murya.

"Na yi tunani," ya ce. "Tsohon fenti ba ya son tafiya a mota. Kuma rumfar nan tana yoyo. Gara ya zauna inda ya saba."

"Ka tabbata? Jinin Raistrick ne fa. Kowa ya gani ya san haka."

"Na ce ya zauna! Ki kuma riƙa hura wutar nan sosai, da ɗanyen itace in da hali. Beryl, tashi mini daga bargo."

A bakin ƙofa Beryl ta matse hannun Hilda, ta raɗa mata cewa za ta dawo ranar Alhamis ita kaɗai, ta kalla a tsanake.

Da ƙarar motar ta ɓace, Hilda ta sake hawa kujerar. Saura idanun, ba ta kai gare su ba. Ta gutsuri burodi, ta murza a hankali har baƙin ya tashi. Ƙanana ne, ruwan toka, gefensu ya ɗan tattare kamar na mai ɓoye dariya. Waɗannan kam Stanley bai gaje su ba. Shekara arba'in tana ganinsu a fuskar Wilf, a ɗaya gefen teburin nan.

Ta daɗe a tsaye, burodin na hannunta.

Sannan ta sauke hular, ta cire hoton daga ƙusa, ta rungume shi da ƙyar, ta kai shi bangon kusa da taga, inda hayaƙi ba ya zuwa. Ta koma ta ɗauko hular, ta maƙala a kusurwarsa.

"Ina wuni, tsoho," ta ce. Ta zuba shayi, ta yanka kek ɗin Beryl, ta zauna suna fuskantar juna.