Abin da Kawu Firmin Bai Ji Ba

A kwarinmu na Arolla ba a yi wa jagora gyara a gaban baƙi. Ko ka ga ya nufi rami, sai ka nemi hanyar da za ka gaya masa ba tare da kowa ya ji ba. Kawu Firmin, yayan mahaifiyata, shi ya koya mini wannan, kamar yadda ya koya mini sauran aikin duka: ɗaurin igiya, da manna fata a ƙasan allunan zamiya don su kama dusar ƙanƙara wajen hawa, da yadda ake kai mutane daga masaukin dutse zuwa na gaba har a sauka garin Zermatt ba a rasa ko ɗaya ba. Shekara goma sha tara ina bin bayansa. Na san facin jakarsa fiye da yadda na san fuskar mijina.

Babban karatunsa guda ɗaya ne. "Odile, dusa tana magana kafin ta kashe. In kin ji ta ce wuf a ƙarƙashinki, kamar an yar da buhun gari, ta zauna ke nan, saura ta zaftare. Ki juya, ko da ƙofar masauki kike hange."

A watan Afrilun da nake ba ku labari yana da shekara sittin da takwas. Baƙinmu huɗu ne daga birnin Lyon, babbarsu Madam Thévenet, likitar haƙori, mace mai tambaya har ka gaji. Ranar ta huɗu ce cikin kwana shida na tafiyar. An kwana biyu iska tana tara sabuwar dusa a gangaren da ke ƙasan mashigin da za mu ƙetare. Kawu a gaba yana fasa hanya, baƙi a tsakiya, ni a ƙarshe.

Muna tsakiyar gangaren na ji ta. Wuf. Ƙasa ta ɗan nutse da ni, kamar kaurin yatsa. Baƙin duka suka tsaya cak, Madam ta waiwayo tana zare ido. Na kalli Kawu ina jiran ya ɗaga sanda. Wallahi tafiyarsa kawai yake yi, a natse, kai a sunkuye.

"Kawu," na kira. Bai juyo ba. Na ƙara murya, shiru. Sai ga wuf ta biyu, ta fi ta farko ƙarfi, na ga ɗan siririn tsagi ya gudu daga ƙafarsa zuwa hagu. Tsoro na ji, kuma haushinsa ya kama ni, kuma tausayinsa ya fi su duka.

In na yi ihu na ce ya dawo, na gama da shi. Kafin mu kai Zermatt labari ya riga mu, kowane masauki ya ji cewa Firmin ya daina jin dusa. In na yi shiru kuma, ran mutum shida ne. Na ce wa baƙin kowa ya tsaya inda yake. Na durƙusa, na cire allon dama, na ɓare fatar da hannuna, na tumurmusa gefen mai danƙo a dusa don kada ta sake mannuwa. Na san a kowace kwana yakan waiwayo ya ƙirga mutanensa. Da ya waiwayo, na ɗaga fatar sama ina kaɗawa kamar tsumma.

Ya sulalo ƙasa ta kan sawunsa, yana faɗa tun kafin ya iso.

"Shekara nawa ina gaya miki ki sa fata cikin riga ta sha ɗumi? Uwar 'ya'ya biyu, jagora mai takarda, fatarta ta ɓalle kamar ta ɗan koyo. Kai, Odile, kin ba ni kunya."

Na shanye. Baƙin suka sunkuyar da kai don kada su kalle ni. Da ya duƙa zai karɓi fatar, na kai bakina daf da kunnensa na dama.

"Ta yi magana, Kawu. Sau biyu."

Hannunsa ya tsaya. Bai kalle ni ba. Ya ɗaga ido ya bi sawunsa har inda tsagin yake, sannan ya dubi fuskokin baƙin ɗaya bayan ɗaya. Ya zuge rigarsa, ya cusa fatata a ƙirjinsa ta ɗumama, ya miƙe.

"Wannan gangaren bai yi mini ba," ya ce musu. "Za mu koma mu bi ta ƙashin dutse, can doron da dusa ba ta taru ba. Ɗaya bayan ɗaya, ku bar tazara."

Awa biyu da rabi zagayen ya ƙara mana, allunan a kafaɗa, Madam tana mita tana cewa kafaɗarta ta mutu. Gangaren kuwa bai zaftare ba. Har muka shige yana nan sumul, kamar bai taɓa yi wa kowa barazana ba, abin da ya ƙara ba ni haushi ke nan.

Mun isa masauki da la'asar. Bastienne mai kula da wurin ta kawo miyar sha'ir da cuku da burodin hatsin nan mai tauri, tana tsokanarsa wai tsufa ya sa ya fara makara. Ya yi mata dariyar yaƙe. Da baƙi suka tafi shanya safa, na same shi a ɗakin ajiye takalma yana goge allunansa da ba su buƙatar gugar.

"Da ƙarfi dusar ta yi?" ya tambaye ni.

"Har Madam ta ji."

Ya gyaɗa kai. "Tun kaka ban ƙara jin ƙararrawar shanun ƙetaren rafi ba. Na ce ko sun rage kiwo ne." Ya ajiye allon. "Akwai abin kunne na ƙara ji da likita ya ba ni. In iska ta taso, fito yake yi mini a ƙarƙashin hula, ba na jin komai sai shi. Yana gida cikin aljihun tebur."

"To me ya sa ba ka faɗa mini ba?" na ce.

"In faɗa miki in zama me? Mai yanka cuku a bakin murhu?"

Ya ciro fatata daga rigarsa ya miƙo mini. Na karɓa na rataye.

Washegari muka fito, gari garau, sanyi yana cizon hanci. Al'ada ce jagora ya tsaya a bakin ƙofa, kowa ya wuce ta gabansa ya duba igiyarsa da na'urar da ake neman mutum da ita in dusa ta binne shi, sannan ya wuce gaba ya ja layi. Kawu ya duba su duka huɗun, ya duba ni. Sai ya tsaya bai wuce ba.

"Kafin mu tashi," ya ce wa baƙin, "jiya na zagi wannan matar a gabanku. Fatarta lafiya lau take, ita ta ɓare ta. Kunnena ne ya ɓalle. Yau ita ce gaba."

Baƙin suka juyo suna kallona. Ni kuwa ji na yi kamar in shaƙe shi. Na sha zagi a banza ke nan, na rufa masa asiri ya zo ya yaye da hannunsa. Ya miƙo mini doguwar igiyar da mai gaba ke ɗauka, ya koma can ƙarshen layi inda na saba tsayawa.

Na fara fasa hanya. Ban yi taku ɗari ba na ɗaga kai in dubi facin jakarsa, don haka ƙafata ta saba. Babu kowa, sai farar dusa da ba a taka ba har sama. Hawaye suka zubo suka daskare a bakin tabarau, na bar su.

A gindin gangaren farko na tsaya ina saurare, kamar yadda ya koya mini. Daga can baya, ta kan kawunan mutum huɗu, muryarsa ta zo, da ƙarfi irin na wanda ba ya jin kansa.

"Odile, me ta ce?"

Na juya sosai don ya ga bakina. "Shiru take, Kawu."

"To mu je," ya ce, ya sunkuyar da kai ya sa ƙafarsa a sawuna.