Takardar Sallamar Mahauci

Sau uku nas tana kiran mahauci, shi kuwa yana maƙale a banɗaki. Mutumin da ke kayar da bijimi kafin hantsi, yau tsoron allura ya hana shi fitowa.

Matarsa na zaune a benci, dafe da mara. Da safen nan aka ɗebi ƙwan haihuwarta, bayan kwana goma sha biyu tana soka wa cikinta allura da hannunta. Saura nasa aikin. Hanyar maniyyinsa ce a toshe, sai likita ya ɗan tsaga ya zuƙo, a haɗa da ƙwan a ɗakin gwaji. Shekara tara danginsa na kiran ta juya. Bara da sakamakon gwaji ya fito, har da hawayensa ya roƙe ta ta rufa masa asiri, wai shi zai faɗa musu da bakinsa. Bakin nan har yau bai buɗe ba.

Yayarsa, wadda ta biyo su ba gayyata, ta taɓe baki. "Me kuma za a yi wa ƙanena? Ba ke ce mai ciwon ba?"

"Gwaji ne, Yaya."

"Gwaji! Mu mazan gidanmu ba a gwada su."

Da ƙyar aka lallaɓo shi aka shigar. Bayan awa ɗaya aka turo shi a keken marasa lafiya, ƙanƙara a tsakanin cinyoyi, yana nishi kamar an cire masa ƙafa.

"Kin ga wahalar da kika ja wa bawan Allah?" in ji yayar. "Da wani ne, da tuni ya sallame ki."

Matar ta dube shi, ta jira. Ya ji sarai, amma sai gogan ya lumshe ido, wai shi barci. Raini ya cika mata ciki har ta manta da ciwon marar.

Nas ta miƙo takarda. "An dace, an samu. Wa zai kula da shi? Ga bayanin aikin da dalilinsa."

Matar ta kai hannu, sai ta janye.

"Ba wa Yaya, ta fi ni karatu."

Yaya ta gyara tabarau, ta fara karantawa da ƙarfi yadda ta saba, don 'yan benci su shaida. A layi na uku muryarta ta shige ciki.

"Ɗaga murya, Yaya," in ji matar. "Ba ma ji daga nan."