Awon Ƙanƙara a Sharaɗa

A farkon daminar 1983 wani kamfanin kwanon rufi da ke Sharaɗa ya shiga damuwa. Dillalansa na Jos sun aiko cewa ƙanƙara tana lotsa kwanon, wani wurin har ta huda shi. Manaja ya ce ba zai ƙara wa kwano kauri ba sai ya san girman ƙanƙarar da ke faɗowa da kuma siffarta.

Aka ɗora aikin a kan Istifanus, injiniyan kamfanin, mutumin Pankshin. Ya aro wani akwati wurin abokinsa malamin jami'a. Kyamara ce a ciki tana fuskantar baƙin ƙyalle, abin da ya gifta tsakani sai a danna ta ɗauka. A ƙasashen sanyi da irinsa ake auna dusar ƙanƙara.

Malam Labaran, shugaban masu yankan kwano, ya zagaya akwatin sau biyu ya girgiza kai.

"Injiniya, wannan don abin da ke saukowa a hankali kamar auduga aka yi shi. Tamu jifa ce."

"To da me za mu auna, Malam Labaran? Kafin a tsince ta ta narke."

"Ku ba ni kwana biyu."

Labaran ɗan gidan magina tukwane ne, daga wani ƙauye bayan Challawa. Ya je wurin yayarsa Hajjo ta kwaɓa masa yumɓu mai laushi. Ya cika faranti huɗu, ya shafe samansu sumul, ya jera su a tsakar kamfani kusa da akwatin, ya rufe da jiƙaƙƙen buhu. Kullum da safe sai ya yayyafa musu ruwa. Ma'aikata suna tsokanarsa wai tuwo ya ajiye wa hadari. Ko a jikinsa.

Sati biyar suna jira. Wata Laraba bayan azahar gabas ta yi baƙi, sai ga ƙara a kan rufi kamar ana zazzage tsakuwa. Labaran ya kifa daro a ka, ya fita da gudu ya yaye buhunan. Istifanus ya durƙusa bayan akwati yana ta danna kyamara. Minti shida abin ya wuce.

Da aka wanko hotunan a Sabon Gari, cikin talatin da shida, biyar kaɗai suka fito. Sauran duk fararen layuka ne kawai. Yumɓu kuwa rami ya fi ɗari biyu, kowanne da faɗinsa da zurfinsa. Suka bi su da rula ɗaya bayan ɗaya. Mafi girma ya kai ƙwan kurciya.

Istifanus ya ajiye biro. "Kun yi gaskiya, Malam Labaran."

Labaran ya ɗauki ɗaya daga hotunan biyar ya daɗe yana kallo. Ƙanƙarar ciki ba mulmulalliya ba ce, tana da ɗan tsini a gefe.

"Injiniya, yumɓuna bai nuna min wannan ba. Ina jin shi ke huda kwanon. Kada ku mayar da akwatin tukuna."

Tare suka shiga ofishin manaja, ɗaya da faranti ɗaya da hotuna. Manaja ya saurare su har ƙarshe, ya sa hannu a ƙara kauri, ya kuma ce su maimaita awon a Jos. Ranar Litinin suka bi motar kai kaya, Labaran a gaba da sabuwar rigar sanyi, farantai goma sha biyu ɗaure a baya.