Hantsin Mai-kitso

"Riƙe tsanin da kyau, Malam," in ji maƙwabcina kafinta, yana ɓalle ƙusoshin kwanon da ya rufe tsakar gidansa da shi. Shi ya buga rufin nan bara, ran nan kuma shi ke cire shi.

Matarsa, wadda duk layinmu ke kira Mai-kitso, tana kwance a ɗaki, ƙofa a buɗe, tana jin mu.

Ta tsokani mijin, "Injiniya, in ka faɗo wa zai ɗauke ka? Ni dai ƙuguna ya yi ritaya."

Kansar nono ce ta kama ta. Aka cire nonon, aka yi ta ɗura mata magani har gashinta ya zube. Matar da ta yi shekaru tana gyara kawunan mutane ta ƙi yarda a ga nata. Ga tagogin benen bayansu suna leƙen tsakar gidan. Ita ta roƙe shi ya rufe, ya kuwa rufe ruf, aikin gwani. Daga nan ba ta ƙara zama a rana ba. Duk muka yaba masa, har da ni.

Sai ranar da ta sunkuya ɗaukar buta, ƙashin ƙugunta ya karye tun kafin ta kai ƙasa. Likita ta ce maganin kansar yana cin ƙashi, jininta kuma ya yi ƙarancin bitamin D, wanda jiki ke samu daga rana. Ta rubuta ƙwayoyi, sannan ta tambaye shi, "Tana shan hantsi kuwa?"

Da ya miƙo min kwanon farko, bai sake shi ba.

"Malam, kai mai karance-karance, faɗa min. Ni na karya ta?"

Na san ba rufin kaɗai ba ne. Na kuma san har da shi. Mutum ya yi wa nasa abin da ya roƙa, abin ya cuce shi, wa za a kama?

"Ku daina shari'a a kan tsani," ta ce daga ɗaki. "Ni na ce a rufe, ni na ce a buɗe. Ku zo ku ɗauke ni."

Muka ɗauko ta a kujera. Ba ta fi nauyin yarinya ba. Da rana ta taɓa ta, ta lumshe ido, ta zame ɗankwalinta a hankali. Wata mata a tagar bene ta yi saurin ja da baya.

"Dawo, ƙanwata, na riga na gan ki. Wa ya yi miki wannan kitso? Allah ya yafe masa."

Matar ta yi dariya, ta koma share hawaye.

Kowace safiya ya riƙa fito da ita. Ƙashin bai haɗe ba, kwanciya kuma ta cinye sauran ƙarfinta. Ba ta ga damina ba, Allah ya karɓi abarsa.

Jiya na leƙa gaishe shi. Kwanukan suna jingine da bango, sun fara tsatsa. Yana zaune a ƙasa kusa da kujerar, hantsi ya cika ta, matsefinta na kan hannun kujerar ya ɗauki ɗumi.