Zarton Kafinta a Hannun Tela

Ranar da kafinta ya faɗo daga tsani ya karya hannun dama, aikin mai aski ne ke jiransa a gida. Mutumin ya kama sabon shago a bakin titi, ya sayi manyan madubai, ya ce a yi musu firam na katako kafin ranar buɗewa. An riga an fere katakon an goge shi, yana jingine a bango. Yanka kusurwoyi ya rage, sai haɗawa. To ga hannu cikin filasta tun daga yatsu har gwiwa, likita kuma ya ce ko buta kada ya ɗauka da shi.

Matarsa ɗinki take yi, shi kansa da Tela yake kiranta tun kafin aurensu. Kekenta na ɗakin gaba, wurin aikinsa na bayan gida ƙarƙashin rumfar kwano. Shekara da shekaru abin da ya haɗa ta da rumfar nan bai wuce kai masa ruwa ba, sai faɗa kan dusar katakon da yake kwaso mata cikin yadin mutane.

Da farko ƙaninsa aka kira, direban motar kaya, mai fara'a da gaggawa. Shi ya ɗauko zarton lantarkin daga inda yayansa ya faɗi, ya jefo shi bayan mota tare da buhunan siminti. Zarton irin mai saukowa daga sama ne: faifai mai haƙora da mariƙi, ka kama ka danno shi kan katako, teburinsa kuma yana juyawa hagu da dama don yanka kusurwa. Akwai murfin roba da ke rufe faifan, yana janyewa da kansa idan an sauke shi. Direba ya ce murfin na tare masa gani, ya ɗage shi ya ɗaure da waya.

Kafinta ya fito ya gani, ya ce, "Kwance wayar nan."

"Haba Yaya, ai haka kowa ke yi."

"Kowan nan, ka taɓa duba masa yatsu?"

Magana ta yi tsawo. Direba ya tuna yana da lodi, ya karkaɗe wando ya tafi. Tela, da ke tsaye da kofi a hannu, ta dubi katakon ta dubi mijinta.

Ta ce, "Maigida, in dai yanka ne a kan layi, ni ma shi nake yi tun da safe har yamma."

Ya yi dariya har hannun ya amsa masa, ya yamutsa fuska. Da ya ga ba ta yi dariyar ba, sai ya jawo benci da ƙafa ya zauna.

Kafin ta taɓa komai ya sa ta cire mayafi da awarwaro da zobe, ta ɗaure kai tam, ta saka tsohuwar rigarsa mai gajeren hannu. Ya miƙa mata tabarau na aiki da auduga ta toshe kunne. Ta ce ta zama kamar mai shirin sace kaji. Ya ce ya fi son ta haka da ya ga faifai ya kama bakin mayafi. Sannan ya sa ta zare filogi daga bango, ta ajiye shi kan teburi inda idonta zai riƙa ganinsa, kafin ta kwance wayar direba. Ta ɗaga mariƙin ta sauke, murfin yana buɗewa yana rufewa lafiya lau.

Ya koya mata a kan guntayen banza. Katako ya kwanta a teburi, ya jingina sosai da ƙarfen baya da ke tokare shi, a matse shi da abin matsewa. Hannun hagu ya yi nesa da faifai fiye da taƙi guda, kada kuma hannu ya taɓa gittawa ta gaban ɗan'uwansa. A kunna, a bar faifan ya ɗauki gudu, a sauke a hankali. In ya yanke, a saki makunni, a jira ya tsaya cak yana ƙasa, sannan a ɗaga. Yankan farko ƙarar ta sa ta rufe ido, ya daka mata tsawa ta buɗe. A na gaba ba ta rufe ba. Abin da ya fi ba ta wuya shi ne jiran nan na ƙarshe, don ta saba da almakashi, da ka saki ya mutu.

Ta juya teburin zuwa lamba arba'in da biyar, rabin kusurwa, ta yanka gefuna huɗu na firam ɗin farko, ta haɗa su a ƙasa. Kusurwa uku suka haɗu, ta huɗu ta buɗe baki har ɗan yatsa zai shiga.

Ya ce, "Kin bar katakon ya motsa."

"Ban bari ba."

"To ni ne na motsa shi daga nan?"

Ta sake yanka wasu guntaye, ta matse su har jijiyar hannunta ta tashi. Bakin nan dai yana nan. Ta haɗe rai, ta fara kwance ɗaurin kai. Shi kuwa ya dubi zarton, ya tambaye ta yadda aka kawo shi gida. Ta ce a bayan mota, tsakanin siminti. Ya ja tsaki, ya ce ta yi haƙuri, ba hannunta ba ne, zarton ne ya bugu.

Aka sake zare filogi. Ta mayar da teburin kan sifiri, ta sauke faifan ta kulle shi a ƙasa, ta share dusar da ta maƙale a gindin ƙarfen baya. Ya ba ta sukwaya, abin gwada daidaiton kusurwa, ya ce ta jingina gefe ɗaya da ƙarfen, ɗaya da jikin faifan, tsakanin haƙora, kada ya hau kan haƙori. Ta durƙusa ta leƙa. Wani siririn haske yana ratsowa ta ƙarshen sukwayar, bai fi kaurin zare ba.

Ta ce, "Wannan ɗan abin ne ya sa ka zarge ni?"

"Shi ne. Kowane yanka ya ɗebi nasa, su taru su fito a kusurwar ƙarshe."

Ta sassauta notikan ƙarfen da sifana, tana ɗan bugunsa da tafin hannu har hasken ya ɓace. Ta ɗaure noti ɗaya, ƙarfen ya goce, aka koma farko. Sai da ta koyi ɗaure su kaɗan-kaɗan, wannan sannan wancan. Ta tsayar da sukwayar kan teburi ta duba ko faifan ya karkata, ta tarar a tsaye yake. 'Yar kibiyar da ke nuna lamba ma ta daidaita ta da sifiri. Ta yanka guntaye biyu ta haɗa, suka zauna cif cikin sukwaya. Don gefunan da ke fuskantar juna su yi tsawo ɗaya, ya sa ta matse wani guntu a teburi inda kowane katako zai je ya tsaya. Ranar ba ta taɓa kekenta ba.

Aiki ya kusa ƙarewa, saura firam ɗin ƙaramin madubin da ake nuna wa mutum ƙeyarsa, sai wata da ta kawo ɗinki ta yi sallama. Tela ta shiga tana ba ta haƙuri kan rigar da ba ta gama ba. Tana cikin magana ta ji zarton ya tashi. Ta bar matar a tsaye ta fito da gudu.

Kafinta ne, hannun hagu a mariƙi, ya danne ɗan guntun katako da filastarsa, babu abin matsewa. Kafin ta kai ga filogi, faifan ya fizgi guntun ya maka shi da ƙarfen baya, ya dawo ya bugi filastar da wata ƙara kamar an fasa tukunya. Ta fizge filogin. Suka tsaya suna kallon faifan yana rage gudu har ya tsaya.

Babu jini. Filastar dai ta tsage daga wuyan hannu, gumi ya jiƙa masa fuska. Tela ta kira direba a waya, suka kai shi asibiti aka sake ɗauri, likita ya wanke shi tas a gaban ƙaninsa. Direba bai yi dariya ba sai da suka fito, amma da ya fara sai da ya jingina da mota.

A gida kafinta ya ce, "Zaman ne ya ishe ni, Tela. Ina kallo kina yi, ni kamar baƙo a rumfata."

Ta ce, "Na sani. Amma ni ba zan iya jinyar mai hannu ɗaya ina yanka katako ina ɗinki ba."

Ta ɗauko ɗan kwaɗon akwatin zarenta, ta zura shi a ramin da ke jikin makunnin zarton ta kulle, ta ɗaura makullin a igiyar tef ɗinta na awo. Gajerun gefunan kuwa daga dogon katako ta yanko su washegari, yadda za ta sami abin matsewa. Shi ta ba shi shafa gam da duba kusurwa, aikin da hannun hagu zai iya.

An kai madubai ana gobe buɗe shago. Direba ya riƙe, mai aski ya ɗaura, kafinta yana ba da umarni daga ƙasa. Da aka gama, mai aski ya dubi gemun da kafinta ya tara tun faɗuwarsa, ya ce ba zai fita masa daga shago haka ba, mutane su ce bai iya aiki ba. Ya zaunar da shi kan sabuwar kujera, ya yafa masa zane, ya zama shi ne aka fara yi wa aski a wurin. Tela ta zauna a bencin jira tana kallonsu ta madubi, tana lissafa a ranta rigar wa za ta fara kamawa idan sun koma gida.